Abubakar Imam da Tarihin Rubuta wa Yara Littafi a Ƙasar Hausa

Rubuta littafi domin yara su karanta su ji daɗi sana'a ce da ba ta cika shekara ɗari ba a ƙasar Hausa. Ba a kasuwa ta tsiro ba, ba kuma a zauren malamai ba. A wani ofishin Gwamnati da ke Zariya aka soma ta cikin shekarun 1930, kuma sunan da ya fi manne mata har gobe shi ne na Alhaji Abubakar Imam, mai Ruwan Bagaja da Magana Jari Ce. Tarihin sana'ar da na mutumin sun sarƙe, ba a iya ba da ɗaya a bar ɗaya.

Kafin zuwan boko yaron Hausa yana da karatu, yana kuma da labari, amma ba sa haɗuwa wuri guda. Karatu na allo ne da tawada, daga babbaƙu zuwa farfaru har a kai ga sauka, sa'an nan wanda Allah ya nufa da ci gaba ya shiga littattafan ilmi irin su Ahalari da Ishmawi da Risala. Labari kuwa na dare ne, a bakin kaka ko wata tsohuwar gida, inda Gizo da Ƙoƙi da kura da dila ke cin karensu babu babbaka. Har tsoratar da yara ake yi cewa mai yin tatsuniya da rana zai ɓata. Ajami yana nan, da shi ake rubuta waƙoƙin wa'azi da wasiƙu, sai dai babu malamin da zai ɓata takardar da fatake suka ɗauko daga nesa wajen rubuta abin da kowa ya san ƙagagge ne. Alƙalami na gaskiya ne. Tatsuniya an bar wa mata da yara.

A 1909 Hans Vischer, wanda aka laƙaba wa Ɗan Hausa, ya buɗe makarantarsa a Nasarawa, bayan ganuwar Kano, a 1912 kuma ya fitar da ƙa'idojin rubuta Hausa da haruffan boko. Makarantun elementare suka fara bazuwa a hannun En'e, aka buɗe Kwalejin Katsina a farkon shekarun 1920 domin horar da malaman da za su koyar a cikinsu. Sai aka wayi gari an koya wa yara haɗa baƙi, amma babu abin da za su haɗa. Tatsuniyoyin da Frank Edgar ya tara aka buga tsakanin 1911 da 1913 ba domin yaran Hausa aka yi su ba, domin Turawan mulki masu koyon harshen ne. Wannan rashi ne ya sa aka kafa Hukumar Fassara a 1929, wadda daga baya ta zauna a Zariya ƙarƙashin Dokta Rupert East, aka kuma sake mata suna ta zama Hukumar Talifi. Ayyukanta na farko fassara ne da tattarawa, irin su Labarun Hausawa da Maƙwabtansu, wanda aka juyo daga tarihohin Larabci. Littattafai ne masu amfani, amma ba irin waɗanda yaro zai ƙi cin tuwo saboda su ba.

A 1933 East ya zaga manyan garuruwan Arewa yana neman waɗanda suka yi boko su ƙaga labari da kansu, a yi gasa. Ya rubuta daga baya cewa aikin bai zo masa da sauƙi ba, domin mutane suna ganin ƙaga labari bai dace da mai mutunci ba. Duk da haka littattafai biyar suka fito daga gasar: Ganɗoki na Malam Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida tare da East kansa, sai Ruwan Bagaja na wani matashin malamin Midil ta Katsina, ɗan shekara 22. Biyu daga cikin marubutan wa da ƙane ne, domin Bello Kagara yayan Abubakar Imam ne.

An haifi Imam a 1911 a Kagara, wadda a yau take cikin Jihar Neja. Gidansu gidan malamai ne, mahaifinsu Malam Shehu Usman alƙali ne, saboda haka da Larabci ya buɗe ido. Yayansa Bello, wanda ya girme shi da kusan shekara ashirin, yana cikin waɗanda suka yi karatu a makarantar Nasarawa, ya kuma koyar a Kwalejin Katsina. A hannunsa Abubakar ya yi boko a Katsina. Ya shiga Kwalejin a 1927, ya gama a 1932, aka ba shi aikin koyarwa a Midil ta Katsina. Abin lura a nan shi ne cewa ya tashi da ƙofofi uku a buɗe: Larabcin gida, da Ingilishin makaranta, da Hausar da ya ji a Kagara da Katsina, ta fada da ta kasuwa. Mutane da yawa a zamaninsa suna da biyu daga ciki. Kaɗan ne suka haɗa ukun, kuma suka kasance masu son karatu domin daɗin karatun kansa, ba domin jarrabawa ko wa'azi kaɗai ba.

Ruwan Bagaja ya nuna haka tun daga tushe. Labarin wani Alhaji ne da ya bar gida neman ruwan da ke warkar da cuta, yana ta karo da abokin hamayyarsa Malam Zurƙe a gari bayan gari, kowa na ƙulla wa ɗan'uwansa. Imam da kansa ya faɗa cewa dabarar mutum biyu masu gwada wayo daga Muƙamatul Hariri ya samo ta, littafin da manyan ɗalibai ke karantawa a zaure domin ƙwarewa a Larabci. Ya ɗauki ƙashin bayan, ya ɗora masa naman rayuwar Hausawa: alƙalai, da 'yan doka, da masu unguwa, da baƙon da ake zarga da sata. East ya yi masa gyara, ya kuma ja masa kunne kan yawan aro, amma ya gane ya sami wanda yake nema.

A 1936 aka aro Imam daga Katsina zuwa Zariya na wata shida domin ya rubuta littafin karatu na makarantu. East ya tara masa littattafan labarai na Larabawa da na Turawa, ya ce ya karanta. Abin da ya fito daga wannan zama shi ne Magana Jari Ce, littafi uku, waɗanda aka buga tsakanin 1937 da 1939, ɗauke da labarai sama da 80. Wato littafin da ya fi kowane shahara a rubutun zube na Hausa, aikin ofis ne, da wa'adi, da mai duba aiki a kai. Wannan bai rage masa komai ba.

Ginin littafin shi ne sirrinsa. Ba a jera labaran kamar kayan tebur ba, an saƙa su cikin wani babban labari. A na ɗaya, Sarki Abdurrahman ya tafi yaƙi da Sarkin Sinari, ya bar ɗansa Musa a gida, Waziri kuwa yana ƙulla yadda zai fitar da yaron a hallaka shi. Aku ne ke tsare Musa, kullum dare ya yunƙura zai fita sai tsuntsun ya jawo wani labari, har gari ya waye. A na biyu akun, wanda ya riga ya zama Waziri, yana gasar ba da labari da wani aku mai suna Haziƙ. A na uku yana tarbiyyar ɗansa Fasih, yana koya masa zaman duniya da zaman fada. Tsarin akun da ke hana mutum fita dare da labarai tsoho ne ƙwarai, asalinsa daga Indiya yake, ya biyo ta Farisa. Amma a hannun Imam ya zama darasi da ya dace da ɗan makaranta: mai ƙaramin jiki, marar takobi, ya rinjayi Waziri da baki kawai. Yaron da ke zaune kan benci yana haɗa baƙi ana gaya masa ke nan, ba tare da an ce masa komai ba, cewa abin da yake koyo makami ne.

Masu nazari, ciki har da Farfesa Abdalla Uba Adamu, sun bi sawun labaran sun gano inda aka samo da yawa daga cikinsu: Alfu Laila, da Kalila wa Dimna, da tatsuniyoyin 'yan'uwan nan biyu na Jamus, wato Grimm, da na Andersen na ƙasar Denmak, da wasu littattafan Larabci na koyon adabi, ban da waɗanda suka fito daga bakin Hausawa. Wasu na jin wannan sai su ga kamar an kama marubucin da hannu a cikin tukunya. Ba haka abin yake ba. Labari dama matafiyi ne, Alfu Laila kansa taron aro ne daga Indiya da Farisa da Masar. Abin tambaya shi ne me ya yi da abin da ya ara. Labarin Kalala da Kalalatu ya isa misali. A Jamus labarin wata kuku ce da ta cinye kaji biyu da aka soya wa baƙo, ta tsorata baƙon da wuƙar da maigidan ke wasawa, ya ruga, maigidan ya bi shi. A wurin Imam ya zama labarin miji da mata, da kwaɗayi, da kunyar baƙo, abubuwan da kowane gidan Hausa ya sani. Wanda ya karanta shi yana yaro ba ya yarda in aka ce masa daga Turai aka kawo shi. Haka labarin Sarkin Busa, wanda asalinsa mai sarewar nan ne na garin Hamelin da ya kwashe ɓeraye, aka hana shi ladansa, ya kwashe yara.

Hanyar da ya bi a bayyane take ga mai lura. Yakan sauya suna, ya sauya abinci da sutura, ya mai da dajin Turai dajin da ake tsoron kura a cikinsa, ya sa alƙali inda ake da kotu, ya sa liman inda ake da limamin coci. Sa'an nan ya zuba karin magana, ba a ƙarshe kaɗai kamar hatimi ba, a tsakiyar zance, a bakin mutanen labarin, yadda ake yi a hira. Jimlolinsa gajeru ne, masu gudu, irin waɗanda aka yi domin a karanta da ƙarfi. Akwai kuma ƙa'idar da ya ce East ya koya masa, cewa kada a bar mugu ya ci nasara kan mutumin kirki a labarin da yara za su karanta. Wannan ƙa'ida ta zauna daram a rubutun Hausa, har marubutan da ba su taɓa jin sunan East ba suna binta.

Ba a rasa abin cewa a kan littafin. Hausarsa ta fi ƙarfin ɗan aji ɗaya ko biyu, wasu labaran ma manya sun fi jin daɗinsu. Mata a cikinsa sau da yawa ko masu makirci ne ko abin da ake gasa a kansa, baƙauye kuma kusan kullum shi ne abin dariya. Waɗannan tabon zamaninsa ne, malami mai hankali yakan tattauna su da ɗalibai maimakon ya tsallake.

Yadda littafin ya isa hannun yara shi ma wani ɓangare ne na tarihin. Ba shago ya kai shi ba, makaranta ce. Alal misali, Birnin Kudu da Gwaram a wancan zamani gundumomi ne na masarautar Kano, a can gefenta na kudu maso gabas, inda ta yi iyaka da ƙasar Bauci, yau kuwa suna cikin Jihar Jigawa da aka ƙirƙiro a 1991. A irin waɗannan gundumomi na nesa da birni, abin da En'e ta aiko wa makaranta shi ne abin karantawa, babu wani. Yaro yakan fara da ƙananan littattafan koyo, su Ka Koyi Karatu da Ka Ƙara Karatu da Ka Yi Ta Karatu, in ya ƙware sai a miƙa masa aku. Littafi ɗaya kuma ba mutum ɗaya yake yi wa aiki ba. Ɗan makaranta yakan karanta wa waɗanda ba su shiga ba, a zaure ko a gindin fitila, sai labarin ya koma baki, inda ya fito tun asali. Da haka sunaye irin su Kalala da Malam Zurƙe suka shiga zancen mutanen da ba su taɓa riƙe littafin ba. Daga baya, da aka sa Hausa cikin darussan sakandare, ɗaliban makarantun kwana irin su Kwalejin Gwamnati ta Birnin Kudu suka sake haɗuwa da Imam, wannan karon a manhajar jarrabawa, inda littattafansa suka sha fitowa.

Abin mamaki, shekarun da Imam ya yi yana ƙaga labari ba su da yawa. A watan Janairun 1939 aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo, aka naɗa shi editanta na Hausa na farko, ya riƙe aikin kimanin shekara 12. Jarida ta cinye lokacinsa, siyasa ta biyo baya: yana cikin waɗanda suka assasa Jam'iyyar Mutanen Arewa, ya je Majalisar Wakilai a Ikko, daga baya ya zauna a Hukumar Ɗaukar Ma'aikata ta Jihar Arewa. Bai daina rubuta wa 'yan makaranta ba, amma ya karkata ga ilmantarwa kai tsaye. Akwai Ƙaramin Sani Ƙuƙumi, akwai Ikon Allah wanda suka yi tare da East kan halittu da yadda duniya ke gudana, akwai Tafiya Mabuɗin Ilmi da ya ba da labarin zuwansa Ingila a 1943 cikin ayarin 'yan jaridun Afirka ta Yamma, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu. A ƙarshen rayuwarsa ya fi mai da hankali ga tarihin Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, da na sahabbai. Bai sake yin wani abu mai girman Magana Jari Ce ba. Arewa ta sami ɗan jarida da ma'aikaci, yara kuwa suka yi rashin mai ba su labari.

Hanyar da ya share wasu sun bi ta. An kafa Kamfanin Gaskiya a Zariya a 1945, a farkon shekarun 1950 kuma aka kafa hukumar NORLA domin ta samar da abin karantawa ga waɗanda suka fito daga azuzuwan Yaƙi da Jahilci. Ita ce ta riƙa fitar da ƙananan jaridun larduna, Sodangi ta Lardin Kano, Himma ta Katsina, Zaruma ta Sakkwato. A wannan tsakani ne aka sami Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa, wanda ya ɗauko wani gwarzon almarar Rasha ya yi masa irin abin da Imam ya yi wa nasa, da Bala da Babiya na Nuhu Bamalli, mai koyar da tsabta da kiwon lafiya cikin labari. An rufe NORLA a 1959. A 1966 aka kafa kamfanin ɗab'i na NNPC da haɗin gwiwar Macmillan, ya gaji tsofaffin littattafan ya ci gaba da sake buga su, ya kuma fitar da sababbi, irin su Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo, labarin yaron da ya yi tafiya cikin sararin samaniya, wanda ya fito a 1969, shekarar da ɗan'adam ya taka wata.

Wanda ya fi kowa kusantar ƙananan yara bayan Imam shi ne Ibrahim Yaro Yahaya na Jami'ar Bayero, wanda ya bi akasin hanyarsa. Maimakon ya ɗauko na waje ya mai da shi na gida, sai ya koma ga tsofaffi da 'yan mata a dandali, ya rubuta abin da ke bakinsu. Tatsuniyoyi da Wasanni, littafi shida da suka fito a farkon shekarun 1970, su ne suka shigar da Gizo aji da mutuncinsa. Sun kuma zo a kan gaɓa, domin a 1976 aka soma shirin ba da ilmin firamare kyauta ga kowa, makarantu suka cika maƙil har a ƙauyuka.

Raunin sana'ar yana cikin asalinta. Tun da Gwamnati ce ta haife ta, makaranta ce kasuwarta, ranar da hukuma ta daina sayen littafi ta raba wa ɗalibai sai ta durƙushe. Haka ya faru a shekarun 1980, lokacin da tattalin arziki ya karye, takarda ta yi tsada, manyan kamfanonin ɗab'i suka ja baya. Rubutun Hausa bai mutu ba, ya ma bunƙasa ta wata fuskar: matasa a Kano suka fara buga littattafansu da kuɗinsu, aka sami abin da ake kira Adabin Kasuwar Kano, da marubuta irin su Balaraba Ramat Yakubu da Ado Ahmad Gidan Dabino. Sai dai waɗannan na samari da 'yan mata da matan aure ne, masu kuɗin saye ko na haya. Yaro ɗan shekara takwas ba ya sayen littafi, sai an saya masa, saboda haka kasuwa ba ta waiwaye shi ba. Yawancin abin da ake buga wa yara da Hausa a yau littattafan koyon karatu ne da hukumomin ilmi da ƙungiyoyin agaji ke ɗaukar nauyinsu, masu amfani wajen haɗa baƙi, amma ba kasafai ake samun wanda yaro zai ɓoye a ƙarƙashin tabarma ya ƙarasa da dare ba.

Abubakar Imam ya rasu a Zariya ran 19 ga Yuni, 1981, yana da shekara 70. A 1989 kamfanin NNPC ya buga tarihin rayuwarsa da Ingilishi, wanda Abdurrahman Mora ya tace. Magana Jari Ce kuwa har yanzu ana sake buga shi ana sayarwa, littafi uku, kamar yadda ya fito tun farko.